Hannun Iliya a Kan Katakon Layin Dogo

Kafanchan,
Ranar Litinin.

'Yata Rifkatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya tsare ki har zuwa yau. Salamarsa ta riga ki isa Legas, ta share miki hanya, ta kuma zauna tare da ke a can. Na san za ki yi dariya ki ce Baba ya tsufa, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa amma yana rubuto mini wasiƙa. Yi dariyarki. Sau uku ina kiran ki tsakar gida da niyyar mu yi wannan magana, sau ukun ina ɓigewa da tambayar ko kin sayi jakar tafiya. Baki ya ƙi, shi ya sa na ɗauki biro. Ki karanta kafin Juma'ar da za ki shiga mota, domin akwai inda nake so ki je kafin nan.

Hankalina ya kwanta, Rifkatu, kwanciyar da rabona da irinta na manta. Ranar da likita ya ɗaga hoton kanki a gaban fitila ya ce babu jini, babu tsaga, mamanki ta kama waƙar zumuntar matan coci a barandar asibiti har nas ta zo ta ce a rage murya. Ni ban yi waƙa ba. Zama na yi a benci ina kallon takalmana. Da kika ƙara da cewa kin bar shiga kejin dambe ki yi faɗa, kin karɓi aikin rafali a wurin masu shirya wasan da ake nunawa a waya, ranar malmalar tuwo uku na ci, mamanki tana tambaya ko yunwar shekara na tara. Ita a ganinta rafali mutum ne mai tsabtar riga da ke tsaye a gefe, ba mai taɓa shi. Na bar ta da murnarta. Ni na san nauyin aikin, domin na taɓa yin sa sau ɗaya, kuma ban yi shi da kyau ba.

Kin tashi kin gan ni kafinta mai ƙera ƙofofi da bencin coci. Kafin a haife ki ma'aikacin jirgin ƙasa ne ni, a cikin masu gyaran layi, ina kuma taɓa aikin kafinta a gefe. Da jirage suka fara ƙaranci, aiki ya koma zaman hira a gindin mangwaro, sai na kama wani shago a bayan tasha na buɗe gidan kallo. Talabijin ɗaya, bidiyo ɗaya, janareta mai yawan tari, da benci takwas da na ƙera da hannuna. Na gwada finafinan Indiya, na gwada na 'yan Cana, amma abin da ke cika mini shago har mutane su tsaya a taga shi ne kaset ɗin kokawar Turawa, wadda muke ce wa resilin. Ƙattai masu dogon gashi, a ɗaga mutum sama a maka shi da ƙasa, a rusa masa kujera a ka, ya miƙe ya karkaɗe jiki ya ci gaba. Ni kaina na fi masu biyan kuɗin ihu.

Wani malamin makaranta da ke zuwa kallo ya taɓa ce mini, "Kafinta, wannan abu fa shiri ne. Sun san wanda zai ci tun kafin su hau." Na mayar masa da kuɗinsa na nuna masa ƙofa. Kin san halin ubanki, idan na hau dokin naƙi ba mai sauke ni. Abin da ke ba ni kunya har yau shi ne, ni da katako ne sana'ata, ban taɓa tambayar kaina me ya sa dandalin nan yake lotsawa yana dawowa in an jefa mutum a kansa ba. Ina gani da idona yana rawa, na ɗauka ƙarfin ƙattan ne. Sai daga baya, bayan mai afkuwa ta afku, na ji cewa akwai soso a ƙarƙashi, da falanki masu lanƙwasa, kuma mutanen sun shekara suna koyon yadda ake faɗuwa.

Ki riƙe wannan, tunda aikinki a gaban kyamara za ki yi shi. Abin da ake nuna wa mai kallo an zaɓa masa ne. Ba a nuna masa soso, ba a nuna masa likitan da ke zaune a gefe, ba a nuna masa yadda wanda aka buga ya tashi washegari. Ke ba mai kallo ba ce yanzu. Duk abin da ba a nunawa, shi ne naki.

Da Kirsimeti ya gabato a wata shekara, sai tunani ya zo mini, me zai hana mu yi namu resilin a Kafanchan da mutanenmu? Na je inda ake jibge tsofaffin katakan da aka cire daga ƙarƙashin layin dogo. Kin san su, baƙaƙen nan masu warin kwalta, waɗanda ƙusa ma sai da roƙo take shiga. An yi su ne don su ɗauki jirgi da kayansa. Na jera su a fili bayan shago, na ɗaure su da ƙarfe, na shimfiɗa tamfol shuɗi a kai, na kafa turaku huɗu na zagaye da igiyar ɗaure buhunan citta. Daga nesa ba ki bambanta shi da na talabijin. Na tsaya a kai ina buga ƙafa ina gaya wa mutane, ko giwa ta faɗo a nan ba zai karye ba. Gaskiya na faɗa, bai karye ba.

Saboda haka kowane wasa aka ba ki, ki je wurin tun ana gobe, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki cire takalmi ki shiga kejin, ki taka kowace kusurwa, ki jefa kanki ƙasa ki ji da bayanki. Ki ja ƙofar ki ga ko sakatar tana kamawa. Ki matsa safar hannun kowa da yatsunki. In oga ya ce ba lokaci, an riga an duba, ki ce masa kin ji, ki duba ɗin. Wanda ya gina wuri yana alfahari da shi shi ne na ƙarshen da zai ga aibinsa, ni shaida ne.

Mutum biyu na samu. Ɗaya Markus, mai loda aladu a mota ranar kasuwa, mutumin wajen Zonkwa, wanda ke ɗaga ƙaton alade shi kaɗai yana fito. Ɗayan kuma ɗan dako ne a tasha, mai ɗaukar buhunan citta, daga wajen Manchok. Sunansa Iliya. E, Rifkatu, Baba Iliya mai gyaran takalmi a ƙofar kasuwa, mai keken guragu, wanda ya ɗinke miki sandal tun kina firamare. Yakan gaya wa yara daga kan mota ya faɗo, mu kuma manya da muka sani muka bar zancen a haka. A lokacin dogo ne, ƙirjinsa kamar ƙofa, yana cikin mawaƙan cocinsu, an kuma sa ranar aurensa bayan girbi.

Su biyun ba su da wata gaba. Tare suke shan kunu a rumfa ɗaya. Ni na ga faɗan abokai ba zai tara mutane ba, sai na ɗauki lasifika na hau bayan babur ina zaga gari kwana uku. Ban ce Markus da Iliya ba. Cewa nake Zonkwa da Manchok, yau za a san yaren da ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi. Na ƙaga cewa Markus ya ce mutanen su Iliya ragwaye ne, na ƙaga cewa Iliya ya rantse sai ya mayar da shi gida a buhu. Ba wanda ya faɗi ko ɗaya a cikinsu. Mutane suka zo a motoci daga ƙauyuka, kowa da nasa a zuciya. Ni da na girma a wannan ƙasa, na san abin da kalmar "su" da "mu" take iya yi mana, na ɗauke ta na yi talla da ita kamar gyaɗa.

Masu shirya wasanku ma haka suke yi, na gani a wayar. Kafin a yi faɗa sai an haɗa mutum biyu goshi da goshi suna zagin juna, a rubuta sunan jiha a ƙasa, wani lokaci har a saka addini. Ba ke za ki hana su ba, ba kuma shi aka ɗauke ki yi ba. Amma kada ki bari ya shiga kejin tare da ke. In ɗan kudancin Kaduna ne a gabanki, ko mai sa gicciye a wuya irin naki, ki ga mutum mai kai ɗaya da ƙashin baya ɗaya, haka shi ma ɗayan. In sun ce ki faɗi wata magana mai zafi a kyamara don wasa ya yi kasuwa, ki ce ubanki ya riga ya faɗi rabon gidanku.

Washegarin Kirsimeti da la'asar aka yi. Ni ne mai shiri, ni ne mai shela, ni ne rafali, da usur ɗin wani tsohon gadin jirgi a wuyana. Kafin su hau na kira su biyun bayan shago na ce, kamar yadda muke gani a kaset, duk wanda ya ji ba zai iya ba ya buga katako da hannu sau uku, ni kuma zan busa. Iliya ya yi dariya ya ce, "Kafinta, kai dai ka sa ido, ni ban saba da wannan wasa ba." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina nan.

Ba a daɗe da farawa ba Markus ya sunkuce shi ya ɗaga sama ya maka shi da baya a kan katakon. Ƙarar ba irin ta talabijin ba ce, gajeriya ce, ba amo. Fili ya kaure da ihu. Markus ya danne shi. Ina tsaye a gefen damansu, tazarar taku biyu, na ga hannun Iliya a kan tamfol. Yatsunsa suka taɓa katako sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Na gani, Rifkatu. Wannan ita ce maganar da har makon jiya ban taɓa gaya wa kowa ba, har mamanki, har fasto. Na gani sarai. Amma ko minti biyar ba a yi ba, mutane sun zo daga nesa, suna ta "A ƙara! A ƙara!", ni kuma ban taɓa jin daɗin kaina irin na wannan lokacin ba, gari guda yana kallon abin da na gina. Na ce a raina bari a ɗan ƙara kaɗan. Na juya fuskata wajen jama'a na ɗaga lasifika ina zuga su. Markus bai ga hannun ba, kansa na ƙasa. Ya sake ɗaga shi ya sake makawa. Daga nan ne ƙafafun Iliya suka daina motsi.

Ga abin da na ɗauki biro saboda shi. Jama'a ba su taɓa cewa ya isa. Ko a fili suke, ko a waya suke kallo suna rubuta wuta-wuta a ƙasa, ƙari suke so, kuma ba mugaye ba ne, ni ma cikinsu nake. Wanda ake bugu ma sau da yawa ba zai ce ya isa ba, kunya da kuɗi sun rufe masa baki. Mutum ɗaya ne tak a wurin da aka ajiye don ya ce ya isa, kuma ke ce. In kin tsayar da wuri za su zage ki, za su ce mace ce, tsoro ta ji, ta ɓata musu wasa. Oganki zai ɓata rai don an rage masa minti. Ki sha zagin, ba ya karya ƙashi. Duk lokacin da kika ji zuciyarki ta ce bari a ɗan ƙara kaɗan, to lokacin ya riga ya yi, ki shiga tsakani.

Abin da muka yi bayan haka ma ɓarna ce a kan ɓarna. Muka ɗaga shi zaune, muka kwara masa ruwa, wani yana jan ƙafarsa wai jijiya ce ta hau. Muka ɗora shi a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, muka bi hanya mai ramuka zuwa gidan maɗori. Sai bayan kwana huɗu aka kai shi asibiti a Jos, inda likita ya tambayi wanda ya ɗaga shi daga ƙasa. Ya ce da an bar shi kwance an ɗauke shi a kan falanki, wataƙila da wani zancen ake. Ni kafinta, falanki cike da shagona. A wannan yammacin kuma samarin ɓangarorin biyu suka fara ɗaukar duwatsu, ba don dattawa da fastoci sun tsaya a tsakiya ba da abin ya wuce Iliya. An koya miki wannan a horonku, na sani, amma ki ji daga bakin wanda ya yi kuskuren. Wanda ya faɗi bai tashi ba, kada ki bar kowa ya taɓa shi sai likita, ko da uwarsa ce. In babu likita da motar asibiti a wurin, kada ki fara wasan.

Na rufe gidan kallo, na sayar da talabijin. Markus ya bar gari, na ji yana noma a wajen Saminaka, bai ƙara ɗaga ko ɗan akuya don wasa ba. Auren Iliya ya fasa. Mutane suka ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, ni kuma na karɓi kalmar hannu biyu na lulluɓa da ita. Nakan aika mamanki da doya da acca ta kai masa. Ni na ƙera masa rumfar da yake zama, amma ranar da ba ya nan na je na kafa. Shekara ashirin da wani abu ina shiga kasuwa ta ƙofar baya, in zaga ta wajen masu tumatir, don kada in bi ta gabansa. In muka haɗu dole, sai in ɗaga hannu daga nesa in ce sannu da aiki in ƙara sauri. Na zama dattijon ikilisiya, ina raba jibin Ubangiji, ina yi wa ma'aurata sulhu, da wannan abu a cikina. Doya ba ta roƙon gafara, 'yata. In kika yi kuskure a aikin nan, kuma wata rana za ki yi, ki je da ƙafarki a makon, ki faɗa da bakinki. Kowace shekara da kika bari, hanyar ƙara nisa take.

Yanzu kin gane dalilin haukan da na yi ranar da na ga safar dambe a jakarki ta kwaleji. Na jefa su a kan rufi, na ce in kin ƙara ba ni ba ke. Ban ba ki dalili ba, tsawa kawai na ba ki, ke kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kaina kika ɗauko duka. Kika ci gaba a ɓoye. Da na zaunar da ke na gaya miki abin da nake rubutawa yau, ko ba ki bari ba, da kin shiga da ido buɗe, da kuma kina da uban da za ki kira in kanki na ciwo. Wata biyu kina fama da jiri kina ɓoye mana saboda tsorona. Wannan laifina ne, ki yafe mini.

Ga kuma abin dariya, ko abin kunya. Ni mai tsawar nan, da aka fara sa faɗanki a intanet, ɗan maƙwabta na sa ya koya mini yadda ake nemowa. Wanda kika fasa wa wata yarinya hanci na kalle shi ya fi a ƙirga. Na kai shi shagon aski ina nuna wa mutane ina cewa jinina ce wannan. Wani tsoho da ake yi wa aski ya karɓa ya duba, ya miƙo mini ya ce, "Wancan na ƙasa ma 'yar wani ne." Na ji haushinsa, na fita ban yi askin ba. Ashe ciwon nan na gidan kallo bai warke ba, kwanciya ya yi.

Bayan wata uku sai ga naki. A bakin coci bayan sujada wani yaro ya miƙo mini waya, bai san ban sani ba. An rage gudun hoton, an sa masa kiɗa na ban dariya, ana maimaita inda ƙafa ta same ki a kunne kika zube. Mutane sun cika ƙasan da fuskokin dariya. Ban ga wannan sosai ba. Abin da na gani shi ne rafalin, wani gajeren mutum mai sanƙo. Abokiyar faɗanki ta riga ta ɗaga hannu za ta bi ki ƙasa, shi kuma ya yi tsalle ya faɗa tsakaninku ya rufe kanki da jikinsa, har naushin ya same shi a kafaɗa. Ana yi masa ihu, bai ko waiga ba. Likitanmu ya ce bugu ɗaya ko biyu a kan wanda ya riga ya suma su ne ke yin ɓarnar. Ban san sunan mutumin nan ba, in kin haɗu da shi a Legas ki ce wani tsoho a Kafanchan yana sa shi a addu'a kowace safiya. Ya yi wa 'yata abin da na ƙi yi wa ɗan wani.

Shi ya sa ranar Alhamis da ta wuce na shiga kasuwa ta ƙofar gaba. Iliya yana ɗinkin wani takalmin makaranta. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kafinta, yau ka ɓata hanya ne?" Ya turo mini ɗan benci. Na zauna na yi ta kame-kame, ruwan bana, tsadar taki, har ya gama takalmin ya ɗauki wani. Sannan na ce, "Iliya, ranar nan, ka buga katako. Na gani."

Bai daina ɗinki ba. Ya ce, "Na sani. Ina kwance ina kallon ka ai. Na ga ka gani, na ga ka juya."

Ban san lokacin da na sauka daga bencin na durƙusa a cikin tsummokaran takalma ba, mutane suna wucewa suna kallon dattijon coci. Duk shekarun nan ina ɓoye abu ga mutumin da ya fi ni saninsa. Ya ce, "Tashi, kana kore mini kwastoma." Da na tashi ya ce shekara bakwai ya yi yana roƙon Allah ya karya mini baya ni ma, ba zai ɓoye ba. Daga baya ya gaji. "Na yafe maka tun Rifkatu yana goye," in ji shi, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Amma kai ba ka zo ka karɓa ba. Ni kuma ba ni da ƙafa da zan kawo maka gida." Na yi kuka, Rifkatu, irin wanda ban yi ba ko ranar da muka binne kakarki. Da na fito sai na ji kamar an sauke mini buhun citta daga ka, har na tsaya na sayi rake ina sha a hanya kamar yaro.

Ashe ma ya fi ni sanin labarinki. Ya ce safar da na jefa a rufi, shi ya ɗinke miki su da kika sauko da su, kuma bai karɓi ko sisi ba. Ku biyu kun iya ɓoye abu, ban san wa ya koya wa wani ba. Na gaya masa aikin da kika samu, na tambaye shi ko ya yarda in faɗa miki gaskiya, tunda labarin nasa ne kafin ya zama nawa. Ya ajiye basilla. Sannan ya ce, yana nufin ke, "Gaya masa duka. Kuma ka turo shi nan kafin ya tafi. A talabijin mutum yana buga ƙasa da ƙarfi kowa ya gani. Ba haka ba ne. In baya ya tafi, hannu ba ya ɗaguwa, yatsa ne kawai yana motsi. Ya zo in nuna masa yadda na yi, don ya gane in ya gani."

To wannan ne inda nake so ki je. Yana buɗe rumfa da ƙarfe takwas, ki je da safe kafin kasuwa ta cika. Ba zan raka ki ba, nawa na riga na yi. Ki zauna a bencin nan ki kalli hannunsa da kyau, ki sa ya maimaita har sai idonki ya riƙe. In kin dawo kina so ki yi mini magana, ina shago. In kuma ba ki so ki ga fuskata kafin Juma'a, na fahimta, zan dai ɗauki jakarki zuwa tasha ko ba ki ce mini komai ba. Mamanki zan gaya mata da kaina yau bayan cin abinci, kada ki riga ni.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare motar da direbanta, ya ba ki masauki na salama da ikilisiyar da za ta riƙe ki kamar 'yarta. Ya ba ki ido mai gani da ƙafa mai sauri, ya toshe miki kunne daga ihun jama'a. Duk wanda ya shiga keji a ƙarƙashin kulawarki, Allah ya sa ya fita da ƙafafunsa ya koma wurin uwarsa. Amin.

Ni ne babanki,
Yohanna Kafinta.